Ina tara tsofaffin gem a ɓoye, maiɗakina ta gano kwalayen

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 29, ina zaune a Agege, ina riƙe wa yayana lissafi a rumfarsa ta albasa a Mile 12. Tun ina yaro a gida Arewa nake son gem. A lokacin ba ni da kuɗin biya, sai dai in tsaya bayan masu buga ƙwallo a PS2, wato na'urar gem ta PlayStation 2, ina kallo har mai gidan gem ya kore mu. Yanzu da Allah ya hore mini ɗan abin hannu sai na shiga sayen tsofaffin gem ina tarawa. Cikin wata 5 na sayi PS2 guda biyu, da Sega, da PS3, da Xbox 360, da faifai sun kai 40. Da na zauna na yi lissafi, kuɗin sun haura naira 350,000. Ɗaya PS2 ɗin tokumbo ce, ina jona ta a wuta ta yi ƙara ta yi hayaƙi. Xbox ɗin kwana uku ta yi ta fara kawo jar wuta, mai shagon kuma ya ce shi bai san zancen ba. Wani abokina ya duba faifan ya ce fiye da rabi kwafi ne. Babbar damuwata ita ce maiɗakina. PS2 ɗaya da ke falo kawai ta sani, sauran duk a ƙarƙashin gado nake turawa. Ta daɗe tana roƙona keken ɗinki ina ce mata babu hali. Ranar da take shara ta jawo kwalayen. Ba ta yi faɗa ba, amma tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Magana ta kai kunnen Yaya, ya ce wasan yara ne, in kwashe in sayar. Abokina kuma cewa yake kada in kuskura, jari ne, wai an taɓa sayar da kaset ɗin Mario guda ɗaya sama da dala miliyan a Amurka. Ni dai ina son abin nan har raina. In bari ne ko in ci gaba? Idan ci gaba zan yi, ta yaya zan daina faɗawa hannun macuta?

Wani ɗan'uwa daga Agege

Wa alaikumus salam ƙanena. Ba zan ce maka ka bari ba. Yaron da aka kora daga bakin ƙofar gidan gem, ya girma ya sayi nasa da guminsa, ban ga abin kunya a nan ba. Wani tantabaru yake kiwo, wani huluna yake tarawa, wani duk Asabar yana gidan kallon ƙwallo. Amma yadda ka faro abin akwai gyara, kuma gyaran daga cikin ɗaki zai fara kafin a je kasuwa.

Ka yi tunanin abin da ya zo ran maiɗakinka lokacin da ta jawo kwalin farko. Ita ba ta san Sega ba, ba ta san Xbox ba, kuma ba ruwanta da su. Abin da ta tuna shi ne duk ranar da ta yi maka maganar keke ka ce babu hali, ashe da halin. Ta baro danginta ta biyo ka Legas, kai ne uwa kai ne uba a garin nan, sai ta tarar kana da wata ajiyar da ba ka so ta sani. Shirun nan da take yi tambaya ce: me kuma ya rage ban gani ba? Don haka kada ka jira ta huce da kanta. Ka zaɓi daren da babu baƙi, bayan isha'i, ka fito da kwalayen da hannunka ka jera a gabanta, ka faɗa mata jimillar kuɗin yadda ka faɗa mini, kada ka rage ko sisi. Ka ba ta haƙuri a kan ɓoyewar da kuma cewa babu hali. Labarin yarintarka da gidan gem ka ajiye shi sai bayan ta gama faɗin abin da ke ranta, don idan ka fara da shi za ta ɗauka kare kanka kake yi. Idan ya zo daga baya, ina kyautata zaton za ta fahimta fiye da yadda kake tsammani. Sannan ka yi mata alkawarin da za ta iya gani da ido: ba wani faifai da zai sake shigowa gidan kafin keken ɗinki ya shigo. Kuɗin keken ma, in ka bi abin da zan faɗa a ƙasa, mai yiwuwa suna nan kwance a ƙarƙashin gadon.

Shi kuwa Yaya, kada ka tsaya musu da shi a kan ko gem na yara ne ko na manya, ba za ka ci wannan shari'ar ba. Ka duba ta inda yake kallo. Mutumin da ke riƙe masa littafin kuɗi ya kashe dubu ɗari uku da hamsin ba wanda ya sani. Ko bai furta ba, dole zuciyarsa ta raya masa wani abu. Ka same shi a rumfa lokacin da kasuwa ta lafa, ka ce, "Yaya, ga littafi a duba, kuɗin da na kashe daga haƙƙina ne, kuma na ji maganarka, zan rage kayan." In ya ga lissafinsa cif, kuma ya ji ka sayar da wasu, sauran maganar za ta mutu da kanta.

Sai kuɗi. Ka yanke wani abu ƙayyadadde a wata, wanda maiɗakinka ta san adadinsa, bayan an fitar da cefane, da na wuta, da abin da ake aika wa iyaye, da kason kuɗin haya, tunda mai gida a Legas shekara yake karɓa a dunƙule kuma ba ya jin labari. In ka ga abin da ya fi ƙarfin kason wata ɗaya, ka haɗa wata biyu ko uku. Bashi kuwa, ko taɓa kuɗin adashe saboda gem, babu shi. Ka samu ƙaramin littafi, ai sana'arka ce, ka riƙa rubuta sunan abin da ka saya, da ranar, da farashin, da yanayinsa. Wannan littafin zai hana ka sayen abu ɗaya sau biyu, kuma duk ranar da ta buɗe ta san inda aka kwana.

To, tarin kansa. Abin da ka yi a wata biyar ɗin nan kwasa ce. Mai tarawa yana da iyaka, ya san abin da yake nema tun kafin ya bar gida, shi ya sa mai shago ba ya iya cusa masa duk abin da ya kwana a kanta. Wasiƙarka ta riga ta nuna mini inda zuciyarka take, wato PS2, kuma ka yi dace da zaɓi. Kamfanin Sony ya fitar da ita a 2000, an sayar da fiye da miliyan 150, babu na'urar gem da ta kai ta yawa a duniya. Amfanin wannan a wurinka shi ne kayanta ba su yanke ba. Hannun bugawa, memori, waya, idon da ke karanta faifai, duk ana samu a Alaba International da ke Ojo da Computer Village a Ikeja, masu gyara kuma sun san cikinta sarai. Ƙari a kan haka tana karanta faifan PS1, ka ga na'ura ɗaya ta ɗauke maka zamani biyu. Ka zauna ka rubuta wasanni goma ko goma sha biyar da ka tsaya kallo a da, irin su Winning Eleven ko PES, da Tekken, da Mortal Kombat, da Need for Speed, da God of War, ka ce waɗannan nake nema, orijina, da kwalinsu da ɗan littafin ciki. Kada ka sayi na gaba sai ka buga wanda ke hannu. Na ƙwallo ma bai kamata su yi tsada ba, don a lokacin duk shekara ake fitar da sabo kuma an buga su da yawan gaske. Duk wanda ya ce maka tsohuwar FIFA abu ne mai wuyar samu, kuɗinka yake so.

Ka kuma kula da lambar shekarun mai bugawa da ke jikin kwali, tunda gida ne mai iyali kuma gobe yara za su zo. Faifan Turai suna ɗauke da 3, 7, 12, 16 ko 18, na Amurka kuma haruffa ne, E na kowa, T na matasa, M na manya. Irin su GTA San Andreas da God of War na manya ne, akwai abubuwan da ba za ka so a gani a falonka ba.

Akwai maganar yanki da sababbin shiga ba su cika sani ba. PS1 da PS2 a kulle suke da yankin da aka yi su dominsa. Ta Turai, wadda ake kira PAL, ba ta karanta faifan Amurka ko na Japan, masu NTSC, sai in an sa mata cif, wato ɗan abin da masu gyara ke dasawa a cikinta ya cire kullen. Za ka gane asalin faifai daga lambar da ke gefen kwali da kan faifan: SLES ko SCES na Turai ne, SLUS ko SCUS na Amurka, SLPS ko SLPM na Japan. Shawarata ka tsaya a na'urar Turai da faifanta, don ita ta dace da wutarmu da talabijin ɗinmu. Daga PS3 zuwa sama wannan kullen kusan babu shi a faifan wasa.

Cif ɗin nan shi ne ramin da ka faɗa. Yawancin PS2 da ke yawo a ƙasar nan an sa musu shi tun zamanin gidajen gem, kuma na'ura mai cif ba ta bambanta orijina da kwafi. Sai mai shago ya zura faifai a tasa, wasa ya tashi, ya ce ka gani da idonka. Abin da ka gani kawai shi ne faifan na aiki. Ka karɓa ka juya bayansa a haske. Na PS1 na asali bayansa baƙi ne. Na PS2 iri biyu ne, wasu shuɗi, mafi yawa ruwan azurfa, kuma in ka karkata shi za ka hango tambarin PlayStation a cikin ƙyallin. Wanda aka ƙona a kwamfuta sau da yawa za ka ga zoben inda rubutun ya tsaya, ko takarda manne a samansa, ko hoton ya yi dishi-dishi. Lambar kan faifai ta zo ɗaya da ta gefen kwali. Sannan ka duba ƙarzuna. Ƙananan layuka ba su cika hana karatu ba, amma tsagewa daga ramin tsakiya ƙaruwa take yi, wannan ka ajiye musu kayansu. Faifan da aka cusa wasa biyar ko goma a ciki, ko kaset ɗin Sega mai rubutun wasa ɗaruruwa, ba sai ka duba ba.

Haka nan in an ce maka ga na'ura cike da wasanni a ciki, ka san abin da kake saya. A PS2 da PS3 kwafi ne aka loda, a PS4 kuma sau da yawa asusun wani ne, ranar da ya canza lambar sirri kai da wasannin sai kallo. Ko na halak da aka saya ta intanet ba ya shiga tari kamar faifai, don shagon kansa rufewa yake. Nintendo ta rufe na 3DS da Wii U a watan Maris na 2023, Microsoft ta rufe na Xbox 360 a watan Yuli na 2024.

In na'ura za ka saya, ka tafi da faifanka biyu, shuɗi da mai ruwan azurfa, don idon PS2 in ya fara gajiya yakan karanta ɗaya ya ƙi ɗaya. Ka sa a kunna a bar ta ta yi zafi kamar rabin awa kana bugawa, ka saurari fanka, ka gwada ramukan hannu biyun da na memori, ka danna kowane maɓalli. Ka duba kusoshin ƙasa ko an sha kwancewa. Mai shagon da ya ce babu wuta ko yana sauri, ka yi masa sallama. Kafin ka biya ku yi magana a kan kwanakin da za ka iya dawo da ita, a rubuta a rasit tare da lambar jikin na'urar, ka biya ta tiransifa don shaida ta zauna. Masu talla a Facebook da WhatsApp kuwa, kada kobonka ya fita sai kaya na hannunka, ku haɗu da rana a wurin da jama'a suke. Ka nemi mai gyara guda ɗaya mai amana ka riƙe shi. Irinsu su ne ke fara jin labarin wanda zai sayar da tsohon kayansa da araha.

Wadda ta yi hayaƙi kusan na san abin da ya same ta. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Babbar PS2 ɗin nan ta farko wutar ƙasar da aka kai ta kawai take ɗauka, don haka tokumbon Amurka in ta sha tamu kai tsaye sai ta ƙone. Kada ka jefar. Sau da yawa allon wutar ne kawai ko fiyus ya tafi, mai gyara zai iya sa mata na ƙasar nan. Daga yau duk abin da ya shigo hannunka ka juya bayansa ka karanta. In ka ga 100 zuwa 240, jona abinka. In 110 ko 120 kawai ka gani, sai da na'urar rage ƙarfin wuta. Adaftar wutar Xbox 360 ma haka take. Sega kuma ba kowace adafta take sha ba, ta samfurin Mega Drive na farko daban, ta na biyu daban, ko da kan ya shiga kada ka yi gwaji. Ka sayi sitabilaiza ko da ƙarama ce, kuma da an ɗauke wuta ka zare filogi, kada ka mayar sai ta dawo ta zauna ko janareta ya daidaita.

Ajiya kuwa, a Kano ƙura ake yaƙa, a nan danshi ne. Ƙarƙashin gado shi ne wuri mafi muni da za ka zaɓa: iska ba ta shiga, kwali na shan laima daga siminti, takardar cikin faifai ta yi fumfuna, ƙarfen ramuka ya yi tsatsa, ga kyankyasai da ke son ɗumin cikin na'ura. In ruwan Yuni da Yuli ya shigo ɗaki kuwa, shi ke nan. Ka ɗaga su sama a kanta, ka ɗan janye daga bangon da ke gumi. Faifai su tsaya a tsaye cikin kwalinsu. Ka samu robar ajiya mai murfi, ka zuba ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalin takalmi. Batir kada ya kwana wata da watanni cikin abin da ba ka amfani da shi, yoyo yake yi ya cinye ƙarfe. Faifai ana goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Busa kaset da baki da muka saba, tururin bakin tsatsa yake jawowa. Ɗan auduga da sifirit ɗin masu gyaran waya ya fi. Kuma ka riƙa kunna na'ura lokaci-lokaci. Amfanin jera su a kanta a fili kuma, komai yana gaban idon maiɗakinka.

Maganar abokinka akwai gaskiya a ciki, sai dai bai ƙarasa maka ba. A watan Yuli na 2021 an yi gwanjon Super Mario 64 a Amurka a kan dala miliyan 1.56. Amma kaset ne da ba a taɓa ɓare ledarsa ba tun fitowarsa, masu tantancewa sun ba shi maki kusan na ƙoli, kuma lokacin kasuwar ta haukace ne, daga baya farashin irin waɗannan ya faɗo. Wasan kansa an sayar da fiye da miliyan 11, wanda aka buɗe aka buga ba ya kusa da wannan kuɗin. Kayan da suka sha hannu a gidajen gem suka sha danshin Legas, in ka mayar da kuɗinka ma ka gode Allah. Ka ɗauki abin da kake kashewa a matsayin kuɗin nishaɗi. In jari kake so, kana zaune a tsakiyar kasuwar albasa.

Ga yadda zan raba kayan in ni ne. PS2 ta falo ta zauna. Wadda ta ƙone a kai wa mai gyara, in kuɗin gyaran bai kai rabin kuɗin sayen wata PS2 ba a gyara ta zama ta ko-ta-kwana, in ya wuce a sayar masa ya cire kayan ciki. Xbox ɗin ka sake komawa shagon sau ɗaya tare da wani babba, in ya ƙi ku je wurin shugabannin layin, kasuwannin nan suna da ƙungiyoyi masu sasanta irin wannan. In babu rasit kada ka ɓata kuɗin mota sau uku. Jar wutar nan tsohuwar cuta ce a Xbox 360 ta farko, har kamfanin ya ware sama da dala biliyan 1 a 2007 saboda ita, kuma gyaran da ake yi mata a kasuwa ba ya daɗewa. Sayar da ita a matsayin matacciya. PS3 ita ce mai tsoka, ita za ta kawo kaso mafi girma na kuɗin keke. Sega kuwa ka tambayi kanka tsakani da Allah, ka taɓa buga ta kana yaro ko don ka gan ta ne? In don gani ne, ta bi PS3. Faifan kwafi ka ware su gefe, in za ka rabu da su ka faɗi cewa kwafi ne, kada cutar da aka yi maka ta wuce ta hannunka zuwa kan wani.

In kun zauna ta ce ita dai a yanzu ba ta son jin an sayi komai, kada ka ja. Ka dakata wata uku ko huɗu kana buga abin da ke hannu, dama akwai faifan da ko buɗewa ba ka yi ba. PS2 miliyan ɗari da hamsin ba za su ƙare kafin ka dawo ba. Ka kuma sa wa bugun lokaci, kada ya ci salla, kada ya cinye hirar dare. Hannu biyu ne da na'urar, wani daren ka miƙa mata ɗaya, ku fara da tseren mota, ya fi ƙwallo sauƙin koya. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a nema. Ka rubuto mini in keken ya iso.